Mai Wurno: A Koyi Babur Yau, A Hau Kwalta Gobe

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sannar ta nufi Sinja, ta zarce Damazin, ya san cewa in ya iso Mai Wurno tilas ya sassauta. Garin yana kimanin kilomita 15 kudu da Sannar, a gaɓar kogin Shuɗin Nilu, kuma a ranar kasuwa babu irin abin hawan da ba ya haɗuwa a bakin kwaltar nan: manyan motocin dawa da riɗi, bas-bas na fasinja, tarakta, raksha mai ƙafa uku, karo da jaki ke ja, garken shanu da ke neman tsallakawa, sannan uwa uba babur, wanda mutanen ƙasar nan suka fi kira motar. A cikin waɗannan duka, babur ne ya fi kowa sauri wajen kutsawa, shi ne kuma in aka yi karo ba ya da abin da zai tare wa mahayinsa.

Tambayar da muka daɗe muna yi a shirye-shiryenmu na rediyo ita ce, wa ya koya wa yaran nan tuƙi? Amsar kusan iri ɗaya ce, ko a Mai Wurno ne ko a sauran ƙauyukan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu. Yayansa ko abokinsa ne ya kai shi filin ƙwallo bayan la'asar, ya nuna masa kuloci da giya da totur, ya riƙe masa baya ya sake shi. Ya zagaya sau biyu ko uku bai faɗi ba, shi ke nan sai a ce ya iya. Kafin mako ya zagayo za ka gan shi da goyon mutum biyu ya kama hanyar Sannar, yana gogayya da tirela. Abin da yaron ya koya a filin nan shi ne yadda zai zauna a kan babur ba tare da ya kife ba. Yadda zai tsayar da shi cikin gaggawa, da yadda zai karanta abin da direban babbar mota ke shirin yi, da yadda babur ke canza hali in an ɗora masa kaya, waɗannan babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa. Makarantun koyon tuƙi da ke manyan garuruwa kuwa mota suka fi sani, kuma ɗan ƙauye bai ma ɗauka cewa babur abin zuwa makaranta ba ne.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan magana a shafin da 'yan kasuwa suka fi karantawa shi ne, galibin baburan nan ba na yaran da ke kansu ba ne. Naku ne. Ɗan kasuwa ne ke sayen babur ya ba ɗansa ko ɗan ƙaninsa ko yaron shagonsa, ko dai don ya riƙa kai masa kaya ƙauyuka, ko ya yi haya ya kawo kuɗin yini. Mai fataucin da ke zuwa Gallabat, inda ake cinikayya da mutanen Metema na Habasha, ko Joda ta wajen Sudan ta Kudu, ya san cewa inda mota ta tsaya babur ne ke ƙarasa sauran tafiyar. Haka abin yake can gida a Jibiya da Illela da Maigatari da Ɗan Isa. Kai, ko sunan da mutanen Yuganda da Kenya ke kiran ɗan acaba da shi, wato boda-boda, daga kan iyaka ya samo asali, lokacin da masu kekuna ke jigilar mutane da kaya tsakanin shingayen ƙasashen biyu a garin Busiya. Saboda haka babur da kasuwar kan iyaka Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. In ya faɗi, jarin ɗan kasuwa ne ya faɗi, kuma sau da yawa jininsa ne a kwance a kan titi.

Abin da yaƙi ya ƙara

Idan mai karatu bai manta ba, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a ranar 15 ga Afrilun 2023. A watan Disamba na wannan shekarar Wad Madani ta faɗa hannun RSF, a ƙarshen Yunin 2024 kuma Sinja ta bi baya, Mai Wurno ta kasance a tsakanin Sinja da Sannar, wato a bakin wuta. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, suka karɓe Madani a Janairun 2025. A tsakanin waɗannan watanni an kwashe motocin mutane ba adadi, mai ya yi tsada, makarantu sun daɗe a rufe, dubban iyalai sun bar gidajensu. Yaron da ya kamata a ce yana aji sai ya zama shi ke ciyar da gida, kuma sana'ar da ta fi saurin shiga ita ce hawan babur. Wannan ya sa sababbin hannu suka cika hanya, a daidai lokacin da kwalta ta lalace, asibitoci kuma suka rasa likitoci da kayan aiki.

Akwai wani abu kuma da yaƙin ya jawo wa babur, shi ne baƙin jini. Tun kafin yaƙi mutanen Hartum na kuka da masu fizgen waya da jaka a kan babur, waɗanda ake kira tis'a tawila. Da yaƙi ya zo, mayaƙa da masu wawashe dukiya sun yi amfani da babura ƙwarai, har wasu jihohi suka fitar da dokokin ta-ɓaci da suka taƙaita zirga-zirgarsu. Don haka yaron da ya tunkari shingen jami'an tsaro a guje, da dare, fitila a ƙure, babu lamba babu takarda, ya jefa kansa cikin haɗarin da ya fi na karo da mota. Tun daga nesa ake rage gudu, a rage fitila, a bar hannu inda za a gan shi, a jira sai an yi magana. Sannan ga batun hanyoyin daji. Ɗan babur na son yanke, amma a wuraren da aka gwabza akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, kuma can wajen Kurmuk da Gaisan akwai nakiyoyin da aka binne tun yaƙe-yaƙen baya. Sawun da mutane da dabbobi ke bi kullum shi ake bi, komai zagayensa.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a rahotonta na 2023 sun nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 daga ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a, duk da cewa ita ce ta fi ƙarancin ababen hawa. Abin da ya fi tayar mana da hankali a rahoton shi ne, tsakanin shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe mutane a duniya. Waɗannan shekarun su ne na yaran da ke kan baburanmu.

Abin da ba a koya a filin ƙwallo

Mu fara da birki, don a nan ne aka fi yi wa yara mummunar tarbiyya. Kusan kowane sabon mahayi an gargaɗe shi da kada ya kuskura ya taɓa birkin gaba, wai zai wuntsila da shi. Sai ya girma yana taka na baya kaɗai. Alhali kuwa idan babur ya zo tsayawa nauyinsa gaba yake komawa, tayar gaba ce ke danne ƙasa, kuma a kan busasshiyar kwalta kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa. Wanda ya taka na baya shi kaɗai da ƙarfi, tayar za ta kulle ta ja shi gefe, ya tafi yana sulɓi har ya isa ga abin da yake gudu. Abin da ke kayar da mutum shi ne cafke birkin gaba farat ɗaya, musamman a kwana ko a kan yashi. Yadda ake yi shi ne a matsa shi sannu kamar mai tatsar nono, a ƙara ƙarfi yayin da babur ke dannuwa, a haɗa da na baya. Wannan ba ya shiga hannu da baki, sai an maimaita shi sau ɗari a fili, ta yadda ranar da jaki ya faɗo titi hannu zai yi da kansa kafin tunani ya zo.

Sai lissafin gudu, wanda 'yan kasuwa za su fi kowa saurin ganewa. Babur da ke tafiyar kilomita 60 a sa'a yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga yaro ya tsallako, ƙwaƙwalwa ta gane, hannu ya kai ga birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce ko fiye, wato an riga an ci mita 17 ba a fara tsayawa ba. Kuma nisan da birki ke buƙata ba ya tafiya daidai da gudu: in ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. Wanda ke kan 30 ya tsaya a gaban mai tallar shayi, wanda ke kan 60 sai ya wuce ta kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ake mutuwa a cikinsa da kashi 4.

Babbar mota kuwa karatu ce mai zaman kanta. Yaran nan sun ɗauka cewa tunda su suna ganin tirela, direbanta ma yana ganinsu. Ba ya gani. Dab da gabansa, da bayansa, da gefen damansa, akwai wuraren da babur ke ɓacewa ɗungurungum. A Sudan dama ake bi tun 1973, kamar yadda Nijeriya ta koma a 1972, direba yana zaune a hagu, don haka duk wanda ya kutsa ta damar babbar mota ya shiga inda ba a ganinsa. In za ta sha kwana sai ta fara buɗewa waje, yaro ya ga fili ya ɗauka an ba shi hanya, ya shige, tayoyin baya su rufe a kansa. Ba a banza mutane suka sa wa hanyar Hartum zuwa Madani suna hanyar mutuwa ba, kuma tamu ta Sannar zuwa Damazin 'yar uwarta ce: siririya, mota na zuwa mota na tafiya, babu abin da ya raba su. In ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Ƙasarmu ma tana da nata halin. Baƙar ƙasar Jazira da Sannar, wadda ta sa aka gina madatsar Sannar a 1925 don noman auduga, in ta sha ruwan damina sai ta koma kamar sabulu, ta cushe tsakanin taya da murfinta har tayar ta daina juyawa. Mafi muni shi ne lakar da tarakta ke kwasowa daga gona ta zubar a kan kwalta, don mahayi ya saki jiki yana ganin yana kan titi. Da rani kuma ƙasar ta tsage, sawun da motoci suka bari da damina ya bushe ya zama kwari, in tayar gaba ta faɗa ciki ita ke zaɓa maka hanya. In habub ya taso, wato guguwar ƙurar nan da ke rufe gari, tsayawa a gefen kwalta bai isa ba, a sauka daga kanta gaba ɗaya, don motar da ke tafe a baya ita ma gefen take lalube.

Lodi

A nan ne za mu ɗan taɓa masu gida. Ƙaramin babur irin Boxer da ire-irensa, nauyinsa bai wuce kilo 120 ko kusa da haka ba. Buhun dawa ɗaya ya kusa kilo 90. Mun sha ganin buhu biyu a kan kariya, yaro ya matso har kan tanki, gwiwarsa na dukan kan babur. In nauyi ya taru a baya haka, tayar gaba tana shafar ƙasa ne kawai, kan babur na rawa, fitila na haska sama maimakon hanya, birkin da aka yi don mutum biyu kuma an ce ya tsayar da nauyin mutum huɗu. Yaron bai ɗora wa kansa ba. Mai kaya ne ya ce ba zai biya sawu biyu ba.

Jarkar mai ta fi buhu sharri. Jarka mai lita 20 ta fetur tana da nauyin kilo 15 ko kusa, ana kuma rataya shida ko takwas a jikin babur guda, wasu dab da salansa mai zafi. In ba ta cika ba, man na kai-komo a ciki, yana tura babur gefe a daidai lokacin da ake shan kwana. Faɗuwar da mai buhun albasa zai tashi ya kaɗe rigarsa, mai fetur gobara ce. Mun san halin da ake ciki, mun san ba za a daina ɗaukar kaya a babur ba don mun yi rubutu. Amma kaya ya zauna ƙasa-ƙasa, ya matso kusa da mahayi, nauyin dama ya yi daidai da na hagu, a ɗaure da igiyar da ba ta saki, a ƙara wa tayar baya iska, kuma kada faɗinsa ya wuce kan babur sosai, don mahayi da faɗin hannunsa yake auna inda zai shige. Wanda bai taɓa tuƙi da lodi ba, kada ranarsa ta farko ta zama ranar kasuwa.

Akwai haɗarin da ya keɓanta da irin suturarmu, wanda ba za ka ji shi a littafin koyon tuƙi na Turawa ba. Jallabiya da rawani da tob ɗin mata da dogon hijabi, duk suna da jela, kuma sarƙar babur da wayoyin tayar baya ba sa barin abin da ya lilo kusa da su. In suka kama bakin mayafi, cikin ƙiftawar ido suke naɗe shi, su fizgo mace ta baya, wani lokaci da goyo a bayanta, wani lokaci mayafin a wuyanta yake. Bakanike ya kan cire murfin sarƙa ya jefar wai yana ƙara, alhali don wannan aka yi shi. Kafin a tashi, mahayi ya waiwaya ya ga fasinjarsa ta tattare tufafinta ta danne. Ba rashin kunya ba ne ya faɗa mata. Silifas ma ba takalmin hawan babur ba ne, duk ma'aikacin asibiti zai gaya maka yadda yatsun ƙafa ke isowa.

Hular kwano

Mutanenmu na Nijeriya ba su manta da ranar 1 ga Janairun 2009 ba, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano. 'Yan acaba a Kano da wasu garuruwa suka kifa ƙwarya da tukwane da robar fenti a ka, suka ɗaure da igiya. Fasinjoji kuma suka ƙi sa hular da wani ya sa, wasu don tsoron cutar fata, wasu don jita-jitar cewa ana yin asiri a cikinta a sace mutum. An yi dariya, an yi kame, bayan 'yan watanni kowa ya koma gidan jiya. A ganinmu abin da ya kashe dokar shi ne an kawo ta da sanda ba a kawo ta da bayani ba, mutane suka ɗauke ta hanyar cin tara. A Biyetnam, inda babur ya fi mota yawa nesa ba kusa ba, sun kafa tasu dokar a Disambar 2007 bayan dogon shiri da wayar da kai, kuma cikin ɗan lokaci fiye da kashi 90 cikin 100 na mahaya suka koma sa hula. A Kigali ta Ruwanda ɗan acaba da hula biyu yake yawo, tasa da ta fasinja, da riga mai lamba a bayansa.

Amfanin hular ba a ɓawonta na waje kaɗai yake ba. A cikinta akwai wani farin soso mai tauri, shi ke murƙushewa ya shanye bugun da zai kai ga ƙwaƙwalwa. Shi ya sa hular leburorin gini ba ta yin wannan aiki, kuma hular da ta taɓa shan mummunan bugu ta gama nata, ko da ba a ga tsaga ba. In ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, ita ke fara tashi kafin kai ya taɓa ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau da aka sa daidai tana rage raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Koken da muka fi ji shi ne zafi, kuma gaskiya ne, wanda ya san Sannar a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba zai raina wannan koke ba. Fara ko mai haske, mai buɗaɗɗiyar fuska da kafofin iska, ta fi baƙa rufaffiya sauƙin sha'ani. Ku da ke shigo da taya da falogi da madubi daga kan iyaka, ku ne za ku iya shigo da irin wannan, ku kuma ƙi karɓar ta roba da ake fasawa da hannu.

Sannan sai kuɗin yini, abin da 'yan Kano ke kira balas. In mai babur ya yanka wa yaro abin da ba zai samu ba sai ya yi sawu ashirin, to shi ya murɗa totur ɗin, ko da yana zaune a shago. Yaro zai fita tun asuba, ya ƙi hutawa, in gajiya ta zo ya nemi tiramadol ko wata ƙwaya, wadda ke ɗauke masa tsoro ta kuma rage masa saurin hannu. Haka nan kiran waya. Alhaji ya aiki yaro Sannar, bayan minti goma ya fara bugawa yana tambayar ina ya kai, yaro kuma ba ya iya ƙin ɗaga wayar maigida, sai ya maƙale ta a kafaɗa ko ya saki hannu ɗaya. Bincike ya nuna mai waya a kan tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau 4. Ku ce masa in ya ji kira ya tsaya tukun, kuma kada ku yi masa faɗa in bai ɗaga ba.

Wa zai koyar?

Garin nan mutanen hanya ne suka kafa shi. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar jama'a gabas, da ƙafa da bisa dabbobi, har suka sauka a nan a 1906. Su da fataken da alhazan da suka biyo sawunsu ba su san tafiya babu shugaba ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya da mashaya, kuma yaro sai ya yi shekaru yana bin jaki kafin a amince masa da kaya. Jikokinsu ne yau ke miƙa wa ɗan shekara goma sha huɗu makulli bayan darasin yamma ɗaya, alhali shekarun karɓar lasisi 18 ne.

Abin da muke ganin zai yiwu ba ya buƙatar jiran gwamnati ko wata ƙungiya daga waje. Filin makaranta yana nan. A jera duwatsu ko tsofaffin galan, yaro ya yi ta zagaya su a hankali har ya iya juya babur ba tare da ya sa ƙafa ƙasa ba, don tafiyar sannu ta fi gudu wuya. A ja layi a ƙasa, ya taho ya tsaya a kansa da birki biyu, a auna da taku, ya ga da idonsa bambancin 30 da 50. A ɗora masa buhu ya sake. A koya masa waiwaye kafin ya karkata, don madubi ba ya nuna komai da komai, in ma ba a cire shi don ado ba. A sa bakanike ya nuna masa yadda ake duba iskar taya da sarƙa da birki da fitila kafin a fita. Darasin da muka fi so a yi shi ne, a roƙi tsohon direban babbar mota ya kawo motarsa fili, a jera babura kewaye da ita, a hau da yaran ɗaya bayan ɗaya su zauna a kujerarsa, su ƙirga babur nawa suke iya gani. Mako guda na irin wannan, sa'a biyu kullum, sannan a gayyato jami'in murur ya yi musu bayanin alamomin hanya da lasisi da inshora. Kwamitin kasuwa da shugabannin tasha su ba wanda ya kammala riga mai lamba, ku kuma 'yan kasuwa ku ƙi ba da kayanku ga wanda ba ya da ita. Ranar da kaya suka daina zuwa hannun wanda bai koya ba, ba sai an roƙi kowa ya zo fili ba. Fadar Sarkin Mai Wurno da limamai in suka sa baki, magana ta zauna.

Akwai kuma dalilin kare sana'ar kanta. A Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaba a birnin Kano, dubban matasa suka wayi gari babu abin yi. Legas ma ta yi nata a 2022 a wasu ƙananan hukumominta. Matsalar tsaro ce ta jawo na Kano, amma abin lura shi ne hukuma ba ta da yadda za ta bambance na kirki da ɓata-gari, sai ta haɗa su ta yi musu kuɗin goro. A halin da Sudan ke ciki, garin da ke da rajistar mahayansa, da lamba, da wanda zai tsaya musu, ya fi samun bakin magana in irin wannan doka ta taso.

In ƙaddara ta riga fata

Taimakon da jama'a ke bayarwa a wurin haɗari wani lokaci ya fi haɗarin ɓarna. Ana rugowa a cicciɓi mutum, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, kai na reto, a cusa shi a raksha a naɗe. In ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan ɗaukar ce ke ƙarasa shi ko ta kwantar da shi har abada. A fara tsayar da motocin da ke tafe. Kada a fizge hular kwano in yana numfashi. Mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako a kwantar da shi a kai. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa. Wanda kuma ya bugu a ka ya tashi yana cewa lafiyarsa lau, a sa masa ido: in ya fara amai, ko barci na fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, jini ne ke taruwa a ciki, asibiti za a nufa ko da tsakar dare ne.

Ba mu raina masu ɗori ba, waɗanda a nan ake kira basir, sun yi wa jama'a aiki tun kafin a san asibiti. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, da ta cinya, da ta ƙugu, ba tasu ba ce, kuma ɗaurin da ya matse har yatsu suka kumbura suka yi baƙi a kwance shi nan take, don ta haka ake rasa ƙafa. Batun takardar 'yan sanda, wato Ornik 8, tana da muhimmanci in an zo maganar inshora ko diyya ko sulhun judiyya a gaban dattawa, amma a raba aiki: wasu su wuce da majinyaci asibitin Sannar, wani ya tafi neman takarda.

Lokacin da ya fi kowane haɗari a hanyar nan shi ne kaka, daga Oktoba zuwa ƙarshen shekara, sa'ad da ake yankan riɗi da dawa, motoci ke kwana suna jigila zuwa kasuwannin amfanin gona na Sinja da Sannar da Gadarif. Tsakanin magariba da isha kowa na sauri ya isa gida, ƙura ta tashi, tarakta na jan tirela babu fitila ko ɗaya a bayanta, karo kuma ba a ganinsa sai an zo dab da shi. Ɗan babur ya sauko da gudunsa daidai da inda fitilarsa ta kai. Masu karo da masu tarakta kuma, akwai leda mai ƙyalli da ake mannawa a bayan manyan motoci, ana sayar da ita a shagunan kayan mota na Sannar, kamu ɗaya ya ishi karo guda.